An Rubuta wa Sama Jadawali

Jama'a, ku taya ni gode wa manyanmu, domin ranar Litinin ɗin makon jiya sun cim ma burinsu a kaina. Sun daɗe suna ƙorafin cewa mutanen garin nan ba ma ɗaga kai mu dubi sama. To ni dai na duba, na kuma duba da kyau, ina kwance rigingine a tsakiyar Hawan Coci, jakar cefane a ƙirjina, wainar kifi guda shida suna gangarawa ƙasa kowace ta kama gabanta.

Ga yadda aka yi. Na fito daga kanti ƙarfe huɗu saura minti biyu, na kama hawan ina zaɓen inda zan sa ƙafa, don ƙanƙarar bana ta daskare ta yi sulɓi tun farkon wata. Ina tsakiyar hanya agogon coci ya buga huɗu, sai duk fitilun titi suka mutu a tare, ɗif. Kun san a wannan watan rana ba ta leƙo mu ko da gaisuwa, ɗan shuɗin da ake samu da tsakar rana ma kafin ƙarfe biyu ya tattara ya tafi. Ƙafar dama ta ce gaba, ta hagu ta ce ba da ita ba, ni kuma na tsinci kaina a ƙasa. Da numfashina ya dawo na ce, to Oddvar, tunda an kwantar da kai, sai ka kalli abin da aka kashe fitilar dominsa. Na ƙura wa sama ido. Gajimare ne tun daga bakin teku har bayan duwatsu, ko tauraro ɗaya babu, sai ɗan yayyafin ƙanƙara da ke sauka mini a hanci.

Wanda ya tafi kudu wajen jikoki bai dawo ba sai yanzu, bari in ba shi labari. Shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Fitilu, uban ƙwayayen lantarki, wanda ba zan kama sunansa ba saboda editan jaridar nan yana da yara ƙanana, ya gano cewa baƙin da ke zuwa kallon hasken arewa, hasken nan mai launi-launi da ke rawa a samaniyarmu da dare, suna shan wahala. Mutum ya taso tun daga ƙarshen duniya, ya tsaya cikin sanyi har yatsunsa su daina jin kira, alhali bai san ko hasken zai zo ko ba zai zo ba. Mai Girma ya ce wannan rashin tsari ne, kuma a Norway ba a san mu da rashin tsari ba. Sai aka ɗauko wani masani daga kudu, mai jaka da takalmin da bai taɓa taka ƙanƙara ba, ya kwana biyu a otal, ya rubuta rahoto mai shafi tamanin. Daga rahoton nan aka fitar da jadawali. Yana can a tashar jirgin fito, an kafa shi gefen na jirgin, cikin harsuna shida: hasken arewa zai yi rawa ƙarfe huɗu na yamma, da bakwai, da goma, da ɗaya. Kowane lokaci za a kashe fitilun titi na minti arba'in, a kuma sa shinge a hana mota hawa tudu, kada fitilarta ta ɓata wa baƙi duhu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas a hanyar nan kafin in ajiye aiki, saboda haka in ana maganar jadawali a bar ni in sa baki. Jirgin fitonmu yana da inji, yana da matuƙi mai albashi, amma rabon da ya tashi a kan lokaci tun ina da gashi a ka. Yanzu ga sama, wadda ba ta karɓar albashi ba ta kuma tsoron kora, an rubuta mata lokacin shiga aiki. Ni ban ce an yi kuskure ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa shekarata sittin da takwas kacal. An kuma gina wa baƙin ɗakin gilashi a kan tudu, na kuɗinmu kurona miliyan goma sha ɗaya. In mutum biyar suka shiga suka yi numfashi sai gilashin ya yi hazo, dole su fito waje in suna son ganin sama. Ranar buɗe shi an kashe fitila don a nuna yadda abin zai kasance, Mai Girma ya ɗaga almakashi cikin duhu ya datse, da haske ya dawo aka ga ƙyallen buɗewa yana nan lafiya lau, bakin mayafin wuyan mataimakinsa ne a ƙasa.

Don kada a ce na zalunci sama, ta zo sau ɗaya. Ranar Asabar gajimare ya yaye, ƙarfe takwas da minti ashirin hasken ya ɓarke, kore da ja-ja, ya yi ta rawa daga wannan dutse zuwa wancan. Fitilun titi kuwa suna ci gadan-gadan, baƙi duk suna otal suna shan romo, suna jiran na ƙarfe goma. Da aka tambayi ofis, sai suka ce wannan zuwan ba a lokacin aiki aka yi shi ba, don haka ba ya cikin ƙidaya.

To, ranar Litinin ɗin na isa gida ina ɗingishi. Jorunn, matata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina wainar kifin?"

"Ba za ki tambayi ƙuguna ba?"

"Ƙugunka ya iso gida. Wainar ce ban gani ba."

Ta kawo man zafi ta murza mini, ba da tausayi sosai ba. Da ta gama ta zauna, sai na ga fuskarta ta canja.

"Kai ka faɗi ka tashi. Ka san yau kwana biyar Borghild ba ta hau tudu ba?"

Ban sani ba, kuma na ji kunya, domin shinge ɗaya ne tsakanin gidanmu da nata. Inna Borghild shekararta tamanin da uku. Mijinta, Baba Halvard, wanda ya yi rabin rayuwarsa a teku yana kamun kifi, shekara biyu ke nan yana gidan kula da tsofaffi da ke can saman Hawan Coci. Ciwon mantuwa ya cinye masa komai. Ba ya gane 'ya'yansa, ba ya gane ni da muka yi shekara arba'in muna musu a kan wanda ke tura wa wani ƙanƙara ƙofar gida. Ita kaɗai ta rage masa. Ƙarfe huɗu da rabi ake ba su babban abincin yini, kuma in ba hannunta ne ya riƙe cokali ba, sai ya datse baki ya juya wa bango fuska. Saboda haka kullum ƙarfe huɗu take fita da sandunanta biyu, ta yi minti ashirin da biyar tana hawa, ta isa daidai ana ɗauko faranti. An riga an sa mata ƙarfe a ƙugu ɗaya, likita kuma ya gaya mata in ta sake faɗuwa, ita da tafiya sai dai a keken guragu.

Washegari na shiga wajenta. Na same ta zaune ta yi shirin fita tsaf, da hula da takalma masu ƙusa, tana kallon agogo.

"Inna Borghild, me zai hana ki riƙa fita uku da rabi, tun fitila tana ci?"

"Nas ɗin da ke yi mini allurar suga huɗu saura kwata take zuwa. Na roƙa a matso mini da lokacin, suka ce wani ofishi ne ya tsara, sai an zauna."

"To fitilar goshi fa? Ina da guda biyu."

"Na gwada, ɗan nan. Da yanar da ke idona, in hasken ya bugi ƙanƙara sai in ga fari fat, in rasa sama in rasa ƙasa. Ka ce mota, mota an sa shinge. In kuma na jira fitila ta dawo, kafin in isa an kwashe kwanuka, shi kuma ya yi fushi ya kwanta." Ta gyara zaman hularta. "Jiya sun bugo mini waya, wai madara rabin kofi kawai ya sha. Muna yara kakata takan hana mu yi wa hasken nan fito ko mu ɗaga masa farin ƙyalle, wai zai sauko ya ɗauke mu. Ba ta san wata rana zai hana ni kai wa mijina cokali ba, alhali ma bai zo ba."

Na yi dariya don ita ma ta yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na sha gahawar da ta zuba mini na fito.

Daga nan gidan Magnar na wuce. Idan akwai wanda ya san hasken arewa a garin nan, shi ne. Shekara talatin ya yi yana kula da 'yar bukkar masana da ke bayan tafki, inda wata allura ke zana motsin maganaɗisun duniya a kan takarda, shi ke canja takardar kowace safiya yana aika wa masu ilimi. Na same shi a bakin murhu yana dukan busasshen kifi da guduma. Ko da na ambaci jadawali, sai ya ajiye gudumar, ya kasa haɗa ido da ni.

"Zauna, Oddvar. Gahawa?"

"In ba za ta hana gaskiya fitowa ba."

Ya zuba mini, ya daɗe yana juya nasa kofin.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ne wa?"

"Ni na ba su awa ukun nan da suka tsara jadawalin a kai. Da bazara, wajen shan gahawar jana'izar surukina, mutumin kudun nan ya zauna kusa da ni. Ya ce an gaya masa na san sama. Ka san ni in waina ta yi daɗi, bakina ba ya tsayawa."

Na ce ya maimaita mini abin da ya gaya wa mutumin, kalma da kalma, kuma yadda direban bas zai gane.

"To, ka san rana tana huro mana wata iska da ba a gani. Duniya kuma tana da maganaɗisu, iskar nan tana ja masa jela ta baya, ɓangaren da yake dare. Jelar tana tara ƙarfi, tana tarawa, kamar ka riƙa jan roba. In ta kai maƙura sai ta fizge, abin da ta tara ya zubo ta nan saman arewa. Lokacin ne kake ganin hasken da ke kwance lamo ya tashi ya haukace, ya yi ta rawa. Masana ƙaramar guguwa suke ce mata. Sai ya ce, sau nawa take yi? Na ce in iskar rana ta dage, kusan kowace awa uku. Kusan, Oddvar. Na faɗa, na maimaita. Wata rana sau biyar ko shida, wata rana kuma allurata ta kwana biyu a miƙe kamar ta mutu."

"To ina kusan ɗin ta tafi?"

"A rahoton tana nan, shafi na sittin da biyu, na gani da idona. Wajen buga allo aka cire ta. Wai ba ta shiga layi a harsuna shida, wai kuma baƙo ba ya hawa jirgi don kusan."

Na kama kai. Shi kuwa bai gama ba.

"Akwai ma abin da ban gaya masa ba, don bai tambaya ba. Guguwar can ɓangaren tsakar dare take fashewa. Ƙarfe huɗu na yamma a nan, in ma ta yi, mutanen Sibiriya ne ke kallo. Mu sai dai ɗan kore-kore, in an yi sa'a."

"Wato Inna Borghild tana zaune a gida, Baba Halvard yana kwana da yunwa, don 'yan Sibiriya su ji daɗi."

"Su ma in babu gajimare," in ji Magnar.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na tausaya masa, mutumin da ya yi shekara talatin bai taɓa rubuta abin da allura ba ta zana ba. Kuma ku duba kalmar da suka zaɓa suka yar. Mu nan arewa ai da kusan muka girma. Ba mai yi maka alkawarin zuwa cin abinci bai ƙara da "in yanayi ya bari" ba. Uwata ta haife ni kusan a asibiti, don hanya ta toshe, a gidan mai gyaran raga aka yanke mini cibiya. Masunci bai taɓa gaya wa matarsa zai dawo ƙarfe kaza ba, sai dai ya ce wajen Alhamis. Wanda ya cire wa mutanen nan kusan, ko bai taɓa kwana a nan ba, ko ya kwana amma a otal. Na ce wa Magnar gobe Laraba akwai taron jama'a a makaranta, kuma ko a kafaɗa zan ɗauke shi sai ya je ya karɓo kalmarsa.

An sa taron ƙarfe biyar, tsakanin duhu da duhu. Kun san taronmu: gahawa a manyan fulas, waina da cuku mai ruwan ƙasa, kujerun yara da gwiwar mutum ke taɓa haɓarsa. Mu ba mutanen hayaniya ba ne. In ranmu ya ɓaci iyaka mu ce "to", in ya ɓaci sosai mu ce "to, to". Mai Girma ya zo da rigar ulu saƙar hannu don a san shi ma ɗan gari ne, mataimakinsa Wazirin Duhu yana biye da sabon mayafin wuya da na'urar haska hotuna. Suka nuna mana hoton sama kore shar, wanda aka ɗauka a wani gari shekara huɗu da suka wuce. Suka nuna mana wani layi yana hawa sama. Ba a ce layin mene ne ba, amma yana hawa, muka ji daɗi.

Da aka ba da damar tambaya na zunguri Magnar. Ya miƙe, hularsa a hannu, ya faɗi duk abin da ya gaya mini, har da Sibiriya. Ya ƙare da cewa, "Kalmata nake so a mayar mini. Na ce kusan."

Mai Girma ya yi murmushi irin na wanda aka tura kwas ya koyo shi.

"Magnar, muna alfahari da kai. Iliminka ne ginshiƙin wannan shiri gaba ɗaya. Amma ka gane, kusan ba ta da wurin zama a tsarin zamani. Jirgin sama ba ya tashi kusan ƙarfe tara."

"Namu na fito yana yi," in ji wani daga baya.

Aka ɗan yi tari a ɗakin, wanda a wajenmu dariya ce.

Sai na miƙe na kawo maganar Inna Borghild, ba ƙari ba ragi: kwana bakwai, rabin kofin madara, ƙugu mai ƙarfe. Na ce ba mu ce a rushe ɗakin gilashi ba, ba mu ce a kori baƙi ba. Na ƙarfe huɗu kawai muke roƙo a bar mana fitila, a kan tudu ɗaya.

Gaskiya ya nuna damuwa, har da dafa ƙirji. Ya ce abin ya taɓa shi matuƙa, shi ma yana da uwa. Sai dai fitilun yanzu ba a nan ake kunna su ba, wata na'ura ce a kudu, kuma masu riƙe da ita ba sa canja lokaci sai da sabuwar yarjejeniya. Sabuwar yarjejeniya sai kwamiti ya zauna. Kwamiti kuma zai zauna in lokacin baƙi ya ƙare, don a duba yadda shirin ya gudana.

"Yaushe ke nan?" na ce.

Ya dubi Waziri, Waziri ya dubi takarda. "Ƙarshen watan Mayu."

Jama'a, ƙarshen Mayu, lokacin da rana ba ta faɗuwa sam, lokacin da mutum ke rufe taga da bargo don ya samu ya yi barci, a lokacin ne za a zauna a duba ko muna buƙatar fitila. Mutanen da sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manyanmu sun fi su dabara, su sai an dawo daga tafiyar suke fafewa.

Amma kada ku ce sun sallame mu hannu rabbana. Waziri ya buɗe jaka ya miƙo mini kyauta in kai wa Inna Borghild: ɗan faifan nan mai ƙyalli da ake ratayawa a riga don mota ta hango mai tafiya, da tambarin shirin a jiki, an rubuta "Garin da sama ke cika alkawari". Na ce, ranka ya daɗe, wannan ai sai an haska shi yake ƙyalli, ku kuma kun kashe fitila kun hana mota. Ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, za a sa ta cikin abubuwan da kwamiti zai duba. Duk ɗakin aka ce, "To, to."

A hanyar gida ina ta zuba, ina tsara wasiƙar da zan rubuta, da wadda zan rubuta in ba a amsa ta farko ba. Jorunn kuwa gidajen da ke jere a Hawan Coci kawai take kallo tana motsa leɓe. A bakin ƙofa ta ce, "Goma sha huɗu."

"Me?"

"Gida goma sha huɗu daga ƙofar Borghild zuwa ƙofar gidan tsofaffi. Karanto mini dokar nan tasu. Fitilun wa aka ce a kashe?"

Na ɗauko takardar da aka jefo mana a akwatin wasiƙa. "Fitilun titi."

"Tagata titi ce?"

Shekara arba'in da biyu ina auren matar nan, har yau in ta yi irin wannan tambayar sai in ji kamar ni ɗan haya ne a gidan. Ranar Alhamis ta ɗauki fulas ɗin gahawa ta bi gida-gida. Ba ta ce zanga-zanga ba, ta san halinmu, da ta faɗi haka kowa zai tuna yana da aiki a ɗakin ajiya. Cewa ta yi aikin gayya ne, irin wanda muke yi in za a yi wa ɗakin taro fenti ko a share filin ƙwallo. A garin nan mutum yana iya ƙin zuwa coci shekara ashirin ba mai tanka masa, amma ya ƙi fitowa gayya, har jikokinsa sai an gaya wa. Gida goma sha uku suka amsa nan take. Na sha huɗun na wani ɗan kudu ne da ke zuwa da bazara kawai, sai aka tuna makullinsa yana wajen Jorunn don ba furanninsa ruwa.

Ranar Juma'a huɗu saura biyar kowa yana bakin makunninsa. An zuge labule, an matso da duk fitilar da ke gida bakin taga, ta karatu, ta gefen gado, har da taurarin Kirsimeti. Wasu masunta biyu suka kwanto babbar fitilar jirginsu suka ɗaure ta a baranda, suka lulluɓa mata buhu don kada ta kashe wa tsohuwa ido. Magnar kuwa tun da tsakar rana yake bin hawan da bokiti yana watsa yashi, shi kaɗai, ya hana kowa taya shi. Agogon coci ya buga huɗu, fitilun titi suka mutu a kan lokaci, don in dai kashewa ce manyanmu ba sa makara. Sai tagogi suka kama ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙasa har sama, haske rawaya mai laushi ya kwanta a kan ƙanƙara ta gefe biyu.

Inna Borghild ta fito da sandunanta. Na miƙa mata hannu, ta dube shi.

"Da ƙugun nan naka? Kai dai bi ni a baya, in ka faɗi in kira maka mutane."

Na bi ta a baya. Ba wanda ya fito ya yi tafi, ba halinmu ba ne. A kowace taga dai akwai mutum tsaye da kofi a hannu, yana yi kamar yanayin gari yake dubawa. Baƙin da ke ɗakin gilashi, da suka gaji da kallon gajimare, suka fito suka juyo suna ɗaukar mu hoto. Wata mata ta tambaye ni ko wannan ma yana cikin jadawali, na ce mata e, kuma shi wannan yana zuwa. Huɗu da minti ashirin da bakwai muka isa, ana turo keken abinci.

Ban shiga ba. Na zauna a benci a zaure ina jin ƙarar cokula ta bayan ƙofa. Ta fi rabin awa a ciki. Da ta fito ta zauna kusa da ni tana ɗaura igiyar hula.

"Ya ci?"

"Ya cinye tas. Dankali biyu da kifi, har ya nemi ƙari."

"Madalla. Ya yi miki faɗan kin daɗe?"

Ta ƙarasa ɗaure igiyar.

"Bai san na daɗe ba, Oddvar. Da na shiga ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga, ya ce sannu baiwar Allah, daga ina? Kwana takwas ɗin nan sun tafi da ni."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na share ido da safar hannu.

"Amma ya karɓi cokalin," ta ce. "Yana ci yana satar kallona. Da ya gama sai ya ce, kina da miji? Na ce ina da shi. Ya ce yana kula da ke? Na ce da dai yana yi, yanzu sai a hankali. Ya ce to rabu da shi, ni zan aure ki, ina da jirgi."

"Me kika ce masa?"

"Na ce zan yi shawara, ya bari in dawo gobe." Ta dogara sanda ta miƙe. "Wancan karon ma sai da na ja masa rai wata uku. Gobe ƙarfe huɗu, ka gaya wa Jorunn."

Tun daga ranar tagogin nan goma sha huɗu ba su fasa ba ko sau ɗaya. Tana hawa, yana ci, yana neman aurenta. Sunanta dai bai dawo masa ba, masu jinya kuma sun ce kada mu sa rai.

Yau da safe aka jefo mana wasiƙa mai hatimi. Mai Girma ya samu labarin ƙoƙarin da al'umma ta yi, yana yaba mana matuƙa, sai dai an lura haskenmu yana shiga cikin duhun hukuma ba da izini ba. Yana so a zauna a fahimci juna, amma ofis ba ya zama da mutane haka kawai, sai mu aiko da sunan shugaban kwamitinmu. Mu kuwa ba mu da kwamiti, shi ya sa ma fitilar ta kama.

Jorunn ta ɗauki alƙalami ta ce a rubuta Halvard. Ta ce ba ya tuna abin da ya faɗa jiya, ba ya gane wanda ya sha wahala a kansa, ci kuma sai an kai masa har baki, to wane sharaɗin shugabanci ne bai cika ba? Ni na karɓe alƙalamin. Baba Halvard maƙwabcina ne, ba zan bari a haɗa shi da manyan namu ba. Shi ciwo ne ya mayar da shi haka, ba zaɓensa aka yi ba.